Sitent Ya Sake Tsukewa: Wane Balan-balan Mai Magani Za A Zaɓa, Ko Kuwa A Ƙara Wani Sitent?

Shekara huɗu bayan an sa wa kawuna sitent a jijiyar zuciyarsa, ciwon ƙirjin ya dawo. Tsakanin gidansa da masallaci bai fi taku ɗari biyu ba, amma sai ga shi yana tsayawa a rabin hanya, ya dafa katangar maƙwabci, ya jira nauyin ya sauka kafin ya ƙarasa sallar asuba. Kusan wata biyu yana ɓoye mana. Da aka ɗauki hoton jijiyoyin, likita ya juyo mana da allon kwamfuta ya nuna wurin: ragar ƙarfen tana nan inda aka sa ta, amma cikinta ya cike, jini na wucewa ta wata 'yar kafa siririya kamar zare. Ya ce hanya biyu ce. Ko a zura sabon sitent cikin tsohon, ko a buɗe wurin da balan-balan mai ɗauke da magani ba tare da an ƙara ƙarfe ba. Sannan ya ce balan-balan ɗin ma iri-iri ne.

Kawu ya dube ni ya ce, "To ɗana, kai ne mai karatun, wanne za mu ɗauka?" Ba ni da amsa a ranar. Abin da na rubuta a nan shi ne abin da na tattaro a makonnin da suka biyo baya, domin na san gidaje da yawa na riƙe da irin wannan fayil: an yi aikin farko a Indiya ko Masar ko ɗaya daga cikin 'yan asibitocin da ke yin sa a gida, an sayar da abin da aka sayar, yanzu kuma an ce tsugune ba ta ƙare ba.

Abin da ke faruwa a cikin sitent

Sitent 'yar raga ce ta ƙarfe da ake buɗawa a cikin jijiya don ta tokare bangonta. Jiki yana ɗaukar wurin a matsayin rauni, sai ya fara tofo sabon nama mai kama da tabo don ya rufe ƙarfen. Kaɗan daga wannan naman alheri ne. Idan ya yi yawa, shi ne ya toshe hanyar. A zamanin sitent na ƙarfe zalla, mutum biyu zuwa uku cikin goma ne wurin ke sake tsuke musu. Da aka fara shafa wa sitent magani a farkon shekarun 2000 abin ya ragu sosai, amma bai ɓace ba. A Amurka har yanzu kusan aiki ɗaya cikin goma na buɗe jijiyar zuciya, gyaran sitent ne da ya sake tsukewa.

Dabarar balan-balan mai magani ta fito ne daga Jamus, a hannun Bruno Scheller da Ulrich Speck. Ana shafa magani a jikin balan-balan, a kai shi wurin ta siririn bututu, yawanci ta jijiyar wuyan hannu, a hura shi na daƙiƙa 30 zuwa 60, maganin ya shige bangon jijiya, sai a sace iskar a zaro shi. Ba abin da ake bari a ciki. Gwajinsu na farko, wanda aka buga a 2006, mutum 52 kawai ya ƙunsa, amma bambancin ya fito fili: bayan wata shida wurin ya sake tsukewa ga kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka yi wa da balan-balan marar magani, ga masu magani kuwa kashi 5. A takardun asibiti za ka ga an rubuta DCB, shi ke nan ake nufi.

Kafin a yi maganar wane kamfani, akwai tambayar da ta riga kowace: me ya sa wannan sitent ɗin ya tsuke? Wani lokaci tun ranar farko bai buɗe sosai ba, saboda bangon jijiyar ya yi tauri kamar dutse. Wani lokaci ya yi wa jijiyar kaɗan, ko ya karye a tsakiya, ko kuma bayan shekaru kitse ya sake taruwa a cikinsa. Hoton da ake ɗauka daga waje ba ya bambance waɗannan. Sai an zura na'urar leƙa cikin jijiya, ko dai IVUS mai aiki da sauti, ko OCT mai aiki da haske. Idan matsalar ƙarfe ce da bai buɗe ba, ka shafa maganin duniya ba zai buɗe shi ba. A ganina wannan leƙen ya fi sunan da ke jikin kwalin balan-balan muhimmanci, kuma shi ne abin da ake saurin cirewa daga lissafi idan kuɗi ya yi ƙaranci.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko ƙarko, wato cikin mutum ɗari nawa ne ke komawa a sake musu aiki a wuri guda bayan shekara ɗaya, uku, ko goma. Ga mai zuwa daga nesa wannan ma'aunin ya ninka nauyi, domin komawa na nufin biza da tikiti da masauki da mai rakiya.

Na biyu shaida. Ba kowane balan-balan da ke kasuwa aka gwada a kan sitent mai tsukewa ba, wasu a ƙananan jijiyoyi marasa sitent aka gwada su. Likitocin fannin suna yawan nanata cewa nasarar wani iri ba ta zama nasarar ɗan'uwansa, ko da maganinsu ɗaya. Dalili shi ne maganin ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai mahaɗin da ke riƙe shi a jikin balan-balan har ya isa, sannan ya sake shi cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma kowane kamfani da nasa mahaɗin.

Sai sauƙin aiki: yana iya ratsa jijiya mai lanƙwasa da sauri kafin jini ya wanke maganin? Sai haɗari, musamman zubar jini daga magungunan tsinka jini da za a sha bayan aiki, da kuma illar jibga ƙarfe a kan ƙarfe. Na ƙarshe kuɗi da samuwa, wanda a zahiri shi yake fara yanke hukunci a gidaje da yawa.

SeQuent Please, tsohon hannu

Na kamfanin B. Braun ne na Jamus, kuma shi ne magajin wancan gwajin na 2006 kai tsaye. Maganinsa faklitaksel, wanda a kwali ake rubutawa paclitaxel, maikirogiram 3 a kowace murabba'in milimita, haɗe da wani ruwan ɗaukar hoto mai suna ayofuromid. Faklitaksel asalinsa daga ɓawon wata bishiya ne, yana son maiƙo, don haka yana shigewa bangon jijiya nan take ya zauna makonni yana hana ƙwayoyin nama rarrabuwa.

Ta fuskar shaida babu wanda ya kamo ƙafarsa. A gwajin PEPCAD II na 2009, mutum 131 masu sitent na ƙarfe zalla, jijiyar ta fi zama a buɗe da shi a kan sitent mai magani na wancan zamanin. A ISAR-DESIRE 3 da aka yi a Jamus aka buga a 2013, an raba mutum 402 gida uku. Da aka sake ɗaukar hoto, tsukewar da aka gani ita ce kashi 38 ga wannan balan-balan, kashi 37.4 ga sabon sitent, kashi 54.1 ga balan-balan marar magani. An ci gaba da bibiyar mutanen nan har shekara goma, kuma sakamakon da aka fitar a 2023 bai nuna wani gagarumin bambanci tsakanin balan-balan mai magani da sitent ba, duk biyun sun fi marar magani. Shekara goma ba wasa ba ce, kuma shi kaɗai ke da irin wannan dogon tarihin.

Sai dai a faɗi gaskiya, sitent ɗin da aka gwada shi da shi a waɗannan gwaje-gwajen biyu tsohon yayi ne. Da aka haɗa shi da sabon yayi labarin ya ɗan canja, zan zo kansa.

Wajen aiki, maganin yana zaune ne a jikinsa kamar gari, don haka ba a taɓa shi da hannu, ba a goge shi, kuma ana so a kai shi wurin cikin hanzari. Sau ɗaya ake hura shi don magani, hurawa ta biyu ba ta ƙara komai. Wannan ƙa'idar ta shafi dukkan ire-iren.

Agent, mai ƙaramin awo

Na Boston Scientific ne. Shi ma faklitaksel ne, amma maikirogiram 2 maimakon 3, da wani mahaɗi daban da aka tsara don rage asarar magani a hanya. Shi ne balan-balan mai magani na farko da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince a yi amfani da shi a jijiyar zuciya, a farkon 2024, shekaru da dama bayan Turai da Asiya sun saba da wannan hanyar.

Gwajin da ya kai shi ga wannan matsayin, AGENT IDE, ya ƙunshi mutum 600 a asibitoci 40. Bayan shekara guda, kashi 17.9 na waɗanda aka yi wa da Agent sun sami matsala a wurin, ko sake aiki ko bugun zuciya ko mutuwa ta dalilin zuciya, alhali ga masu balan-balan marar magani kashi 28.6 ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne irin mutanen da aka saka: kusan rabinsu masu ciwon suga ne, kuma sama da kashi 40 suna da sitent a kan sitent tun kafin a fara. Waɗannan su ne masu wuyar sha'ani, kuma su ne likita ba ya son ƙara wa ƙarfe na uku. Babu ko mutum ɗaya a ɓangaren Agent da gudan jini ya toshe masa sitent a wannan shekarar.

Rauninsa a bayyane yake: abokin karawarsa mai rauni ne. Kayar da balan-balan marar magani ba ya nuna ka fi sabon sitent. Akwai wani ƙaramin gwaji na mutum 125 da ya kwatanta shi da SeQuent Please, kuma bai gaza ba. Don haka ina ɗaukar su biyun a sahu ɗaya, ɗaya ya fi tsawon tarihi, ɗaya ya fi shaida a kan masu sitent biyu.

Sauran 'yan gidan faklitaksel

Pantera Lux na Biotronik an gwada shi da sitent na zamani a gwajin BIOLUX mai mutum sama da 200, kuma a hoton wata shida bai gaza ba. Restore na Cardionovum an haɗa shi da SeQuent Please a ƙasar Sin a kan mutum 240, sun yi kunnen doki. Prevail na Medtronic yana ɗauke da maikirogiram 3.5, mahaɗinsa kuma sinadarin yuriya ne, an gina shi ne a kan wani tsohon samfurin kamfanin da aka daɗe ana amfani da shi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ne asibitinku ke da shi kuma likitan ya saba da shi, ban ga dalilin tayar da hankali ko canja asibiti ba.

Masu sirolimus: MagicTouch, Selution SLR da SeQuent SCB

A nan ne muhawara take da zafi. Sirolimus an samo shi ne daga wata ƙwayar halitta a ƙasar tsibirin Rapa Nui da ke Tekun Pasifik. A duniyar sitent, shi da danginsa sun kori faklitaksel gaba ɗaya, domin suna tsayar da ƙwayoyin nama ne ba tare da sun kashe su ba, kuma suna rage kumburi. Hankali zai ce to a balan-balan ma haka za ta kasance. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Sitent yana zaune a wurin yana sakin magani a hankali tsawon makonni, balan-balan kuwa minti ɗaya gare shi. Sirolimus ba ya shigewa nama da sauri, kuma idan ya shiga ba ya daɗewa. Dole sai an yi masa dabara.

MagicTouch na kamfanin Concept Medical, wanda ake ƙerawa a Indiya, yana naɗe maganin cikin ƙananan ƙwayoyin maiƙo, awonsa maikirogiram 1.27. Wanda ya je Indiya akwai yiwuwar shi za a fara ambata masa. An yi amfani da shi a kan dubban mutane da aka rubuta bayanansu, kuma ba a ga wata illa ta musamman ba. Amma a gwajin TRANSFORM I, da aka haɗa shi da SeQuent Please a ƙananan jijiyoyi marasa sitent, bai kai shi buɗe jijiya ba a hoton wata shida. Wannan ba gwajin sitent mai tsukewa ba ne, don haka kada a ɗora masa fiye da abin da ya faɗa, amma kada kuma a share shi.

Selution SLR, wanda kamfanin MedAlliance na Suwizalan ya ƙirƙira kafin Cordis ya saye shi a 2023, yana zuba maganin ne cikin 'yan mitsi-mitsin rumbuna da ke manne wa bangon jijiya suna narkewa a hankali tsawon makonni. A ƙarshen 2025 an gabatar da sakamakon gwajinsa a kan mutum sama da 400 masu sitent da ya tsuke, aka kwatanta shi da aikin da aka saba yi, wanda galibinsa sabon sitent ne, kuma a shekarar farko bai gaza ba. Labari ne mai daɗi, sai dai shekara ɗaya ce. SeQuent SCB kuwa, mai maikirogiram 4, an gwada shi da yayansa SeQuent Please a Malesiya da Jamus da Suwizalan, sakamakon ya zo kusan ɗaya, amma mutanen duka-duka kusan ɗari ne.

Akwai darasi a wani gwaji mai suna REFORM. An ɗauko bayolimus, ɗan'uwan sirolimus wanda ya yi suna a jikin sitent, aka shafa a balan-balan, aka haɗa shi da SeQuent Please a kan mutum kusan 200. Ya gaza. Magani mai kyau ne, shafawar ce ba ta kai shi inda ake so ba. Tun da na karanta wannan na daina yarda da maganar "sabo ne, ya fi". Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abokin hamayya na gaskiya: sabon sitent cikin tsoho

Wanda zai kwatanta ire-iren balan-balan ya manta da wannan ya yi wa mai karatu rashin adalci. A gwajin RIBS IV na Sifaniya, mutum 309 waɗanda sitent mai magani ya tsuke musu, sabon sitent mai ebarolimus, wani ɗan'uwan sirolimus, ya fi balan-balan: manyan matsaloli a shekara guda kashi 10 ne, na balan-balan kashi 18, kuma yawancin bambancin daga sake aiki ne. Wani nazari mai suna DAEDALUS ya haɗa gwaje-gwaje goma, mutum 1,976. Bayan shekara uku, kashi 16 na masu balan-balan sun koma an sake musu aiki, masu sitent kashi 12. Wajen mutuwa da bugun zuciya da toshewar gudan jini kuwa babu bambancin a zo a gani. Ya kuma nuna cewa idan tsohon sitent na ƙarfe zalla ne, su biyun daidai suke, fifikon sitent yana fitowa ne idan mai magani ne ya tsuke.

Shi ya sa ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai, wadda a 2018 ta ajiye su a matsayi ɗaya, a 2024 ta fifita sabon sitent idan sitent mai magani ne ya tsuke.

To me ya sa har yanzu ake ɗaukar balan-balan? Domin kowane sabon ƙarfe yana cin wani abu daga faɗin jijiyar, kuma ba ya fita har abada. A jijiya mai faɗin milimita 2.5 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan akwai reshe da ya fita daga tsakiyar sitent ɗin, raga ta biyu na iya danne bakinsa. Kuma idan aka yi balan-balan bai riƙe ba, ƙofar sa sitent tana nan a buɗe, amma idan aka sa sitent na biyu ya tsuke, zaɓin da ya rage ya ƙuntata.

| Zaɓi | Magani (maikirogiram a kowace murabba'in milimita) | Shaida a kan sitent mai tsukewa | Ƙarko | Abin lura |
|---|---|---|---|---|
| SeQuent Please | Faklitaksel 3 | Mafi yawa, har shekara 10 | Mai kyau | Sabon sitent ya ɗan fi shi a RIBS IV |
| Agent | Faklitaksel 2 | Mutum 600, da masu sitent biyu | Mai kyau | Da marar magani aka fi gwada shi |
| Pantera Lux, Restore, Prevail | Faklitaksel 3 zuwa 3.5 | Matsakaiciya | Kusa da na sama | Gwaje-gwajen ƙanana ne |
| MagicTouch | Sirolimus 1.27 | Galibi rubutattun bayanan marasa lafiya | Ana kan bibiya | Ya gaza a ƙananan jijiyoyi a hoto |
| Selution SLR | Sirolimus 1 | Gwaji ɗaya babba | Shekara ɗaya ta yi kyau | Tarihinsa gajere ne |
| Sabon sitent mai magani | Dangin sirolimus | Mai ƙarfi | Mafi kyau a tsukewar farko | Ƙarfe a kan ƙarfe |
| Balan-balan marar magani | Babu | An gwada, ya gaza | Mafi rauni | Na share fage ne kawai |

Kuɗi da haɗari

Kada ka ɗauka cewa tun da ba a bar ƙarfe ba to ya fi arha. A wurare da yawa kuɗin balan-balan mai magani ya kai na sitent ko ya wuce. A Indiya, alal misali, gwamnati ta ƙayyade farashin sitent tun Fabrairun 2017, inda ta sa wa mai magani iyakar rupee 29,600, kuɗin Indiya, a lokacin, don haka sitent ba shi ne abu mafi tsada a takardar kuɗin ba. Kuma balan-balan mai magani ba ya zuwa shi kaɗai. Sai an fara buɗe wurin da wani balan-balan mai ƙarfi, wani lokaci da mai 'yan kaifi da ke tsaga tabon, wanda gwajin ISAR-DESIRE 4 ya nuna yana ƙara wa maganin aiki. Ga kuɗin na'urar leƙa ciki. Idan tsukewar doguwa ce kuma ana iya buƙatar guda biyu. Ka nemi a rubuta maka kowane abu da kuɗinsa, har da na sitent ɗin ko-ta-kwana, domin idan bayan share fage tsukewar da ta rage ta haura kashi 30, ko bangon jijiya ya tsage har ya tare jini, likita zai ajiye balan-balan ya sa sitent. Wannan ba gazawa ba ce, ƙa'idar aikin ce.

Wani zai gaya maka faklitaksel maganin ciwon daji ne, kuma an taɓa cewa yana kisa. Gaskiya ne a 2018 wani nazari a kan jijiyoyin ƙafa ya tayar da wannan ƙura. An bi diddigi shekaru, kuma a Yulin 2023 FDA ta ce bayanan ba su nuna ƙarin mutuwa ba. A jijiyoyin zuciya ma ba a ga hakan ba. Dubi awon: balan-balan mai faɗin milimita 3 da tsawon 20 yana ɗauke da abin da bai fi rabin miligiram da 'yan kai ba, alhali mai ciwon daji ana ba shi kusan miligiram 300 a zama ɗaya.

Bayan balan-balan, wanda yanayinsa ke kwance yakan sha magungunan tsinka jini guda biyu na aƙalla mako huɗu, sannan ya ci gaba da ɗaya. Bayan sitent an saba wata shida, ko da yake yanzu ana iya ragewa zuwa wata ɗaya ko uku ga mai haɗarin zubar jini, don haka tazarar ba ta kai yadda take a da ba. Wanda bugun zuciya ya kai shi asibiti kuwa yawanci shekara guda ce, ko da me aka yi masa. Mai ciwon ƙoda ya tuna wa likita tun kafin a shiga, saboda ruwan ɗaukar hoto.

Wanne ya dace da wa

Idan wannan ce tsukewar farko, sitent ɗin mai magani ne guda ɗaya, jijiyar na da faɗi, ba ka da matsalar zubar jini, kuma komawa asibitin zai yi maka wuya, sabon sitent ya fi kusa da ba ka hutu. Haka ma idan an ga tsohon ya karye, ko tsukewar ta zarce bakinsa.

Idan kana da sitent a kan sitent, ko jijiyar siririya ce, ko akwai babban reshe a wurin, balan-balan mai faklitaksel ne zaɓi, SeQuent Please ko Agent, wanda likitan ya fi sabawa da shi. Wanda tsohon sitent ɗinsa na ƙarfe zalla ne shi ma nan ya dosa, tun da ƙarkon ɗaya ne kuma bai ƙara ƙarfe ba.

Idan mai sirolimus ne kawai a asibitin, ba abin gudu ba ne, amma ka tambayi wane iri ne, kuma an gwada shi a kan sitent mai tsukewa ko a'a. Idan kuwa wurin ya tsuke sau biyu sau uku, ko jijiyoyi da yawa ne suka kamu ga kuma ciwon suga, ka nemi a zauna da likitan tiyata a duba aikin baifas, inda ake yi wa jini sabuwar hanya a kewaye toshewar gaba ɗaya.

A wurin Kawu, na'urar leƙa ciki ta nuna tsohon sitent bai gama buɗewa ba a wani gurbi. Yana da olsa da ta taɓa zubar masa da jini, ga aikin gwaiwa yana jira. Likitan ya buɗe gurbin da balan-balan mai ƙarfi, sannan ya bi da mai faklitaksel. Kawu idonsa biyu aka yi komai, ya ce a minti ɗayan nan da aka hura ji ya yi kamar an ɗora masa buhun gero a ƙirji, ana sacewa ya sauka. Kafin mu bar asibitin na roƙi a rubuta mana sunan balan-balan ɗin, faɗinsa da tsawonsa, jijiyar da aka yi aikin, da ranar da zai daina magani na biyu. Mun yi kwafi uku. Ɗaya na aljihun rigarsa tare da katin maganin hawan jini da na kitsen jini, ɗaya na wurina, ɗaya mun kai wa likitan da ke duba shi a gida duk bayan wata uku.